Kurket a Ƙasar Daura: Ƙungiyar da Ba Ta da Yara da Mata Ba Ta Daɗewa

Ranar 20 ga Janairun 2025, a garin Kuching na ƙasar Malesiya, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke takwarorinsu na Niyu Zilan a gasar kurket ta duniya. Ruwan sama ya sa aka taƙaita wasan. 'Yan Najeriya suka tara maki 65, abokan karawarsu suka tsaya a 63. Da wuya a ce labarin ya kai teburin mai shayi a Daura ko Mai'aduwa ko Zango, inda hirar wasa ba ta wuce Arsenal da Barcelona da Katsina United. Amma wannan wasa ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Ya shigo tun kimanin shekara ɗari da suka wuce, ya zauna, sannan ya dushe. Dalilin dushewarsa shi ne abin da ya kamata mai son dawo da shi ya fara dubawa, domin a ganina kurket ba zai yi saiwa a masarautar Daura ba sai da ƙungiyar gari mai hawa uku, manya da yara da mata, masu buga kakar wasa ɗaya a fili ɗaya.

Wasan kansa bai kai wuyar da ake ba shi ba. Kowane ɓangare mutum 11 ne. A tsakiyar fili akwai doguwar farfajiya mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshenta. Mai jifa yana auna turakun da ƙwallo, mai bugu kuma yana kare su da faffaɗan katako. In ya doka ƙwallon ta yi nisa, sai shi da abokinsa su yi musayar wuri a guje, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ta kai iyakar fili tana gangara, maki huɗu. In ta tsallake a sama, shida. Ana fitar da mai bugu idan an kayar da turakunsa ko an cafe ƙwallonsa kafin ta taɓa ƙasa. Tsohon salon wasan yana cin kwana biyar, amma wanda ake yayi yanzu, T20, awa uku ya ishe shi, wato daga bayan Azahar zuwa dab da Magariba, har da hutun sallar La'asar.

A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, ita ce kuma ta koma Kaduna, daga baya Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. Malamanta Turawa sun zo da wasannin makarantun Ingila, musamman kurket da fayis, wato ƙwallon da ake dokawa da tafin hannu a jikin bango. Sardauna Ahmadu Bello ya buga duka biyun a can. A wannan zamanin ne kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kawo wasan folo, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kansa. Ga wasanni uku na Turawa, sun shigo gari ɗaya kusan a lokaci ɗaya. Yau ana gasar folo a Katsina, ana gasar fayis ta kofin Sardauna a Arewa, amma kurket sai an tambayi tsofaffi. Ba za a ce baƙuntarsa ce ta kashe shi ba, tunda sauran biyun ma baƙi ne. Abin da ya bambanta su shi ne, folo ya sami gidan sarauta da ke miƙa shi daga uba zuwa ɗa, fayis ya fita daga makaranta ya sami dakali a cikin gari, aka sauya masa ƙwallo zuwa ta tanis mai araha, yaro yana tsaye a gefe yana kallon malami da ɗan kasuwa suna bugawa har ranar da za a ce ya shigo. Kurket kuwa ya tsaya a bayan katangar makarantar kwana da kulob ɗin Turawa. Har 1957 ƙungiyar kurket ta Turawa daban take da ta 'yan ƙasa a Najeriya. Ɗalibi ya gama makaranta, ya koma Daura ko Baure ya kama aikin En'e, babu inda zai je ya buga ranar Asabar, babu kuma yaron da zai gan shi yana bugawa.

Shi ya sa idan ana auna kakar wasan wata ƙungiya, kofin da manya suka ɗauko ba ya gaya maka komai game da shekara biyar masu zuwa. Tambayoyin da suka fi muhimmanci su ne: yara nawa suka fara a watan Nuwamba, nawa suka kai Maris? Nawa aka ɗaga daga 'yan ƙasa da 15 zuwa 'yan ƙasa da 17? Wasa nawa mata suka buga na gaske, da alƙali da littafin maki, ba na nuni a gaban baƙi ba? Ƙungiyar da ta zuba duk kuɗinta a motar kai manya gasa ta bar yara ba ƙwallo, manomi ce da ya cinye irin shukarsa da rani. Tarihin Najeriya na kusa ya nuna haka ƙarara. Tun 1904 ake buga kurket tsakanin Legas da ƙasar da ta zama Gana, amma Najeriya ba ta taka gasar duniya ba sai da samarinta 'yan ƙasa da 19 suka yi nasara a zagayen Afirka a Namibiya a 2019, suka je Afirka ta Kudu a 2020. Ɗaya daga cikin waɗannan samarin, Peter Aho, shi ne ya fitar da 'yan Saliyo shida a kan maki 5 kacal a Legas a 2021, bajintar da a lokacin babu irinta a wasannin T20 na maza na ƙasa da ƙasa. Matan Najeriya kuma suka ciyo tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Akara a Maris ɗin 2024. Da yawa daga cikin 'yan wasan nan daga jihar Edo suka fito, inda aka shafe shekaru ana bin makarantu ana koyar da yara maza da mata, sannan aka tanadar musu gasar da za su ci gaba da bugawa.

Za a ce kurket wasan masu hali ne, kuma akwai gaskiya a ciki: katakon bugu na asali, da ƙwallon fata, da hular kwano, da kariyar ƙwauri, duk daga waje ake shigo da su. Sai dai yaran Karachi ta Pakistan sun warware wannan tun tuni. Ƙwallon tanis suke samu su naɗe ta tsaf da salatif ɗin masu gyaran lantarki, zagaye bisa zagaye har gashinta ya ɓace. Sai ta yi santsi, ta yi nauyi, ta yi gudu, amma ba ta fasa kai, don haka ba a bukatar sulke. Da ita ake gasar dare a watan azumi a Pakistan, kuma manyan masu jifa na ƙasar da dama da ita suka fara. Kafinta a Daura zai iya fafe katakon koyo, birkila zai iya zuba daɓen siminti mai yadi 22 a gefen filin makaranta ba tare da an hana 'yan ƙwallon ƙafa wurinsu ba. Yanayi ma yana taimakawa. Kurket ba ya son ruwa, mu kuwa daga an kai amfanin gona gida har zuwa bazara sararin sama a bushe yake. Kakar wasa mai ma'ana a nan ita ce Nuwamba zuwa farkon Maris, kafin zafi ya haura awo 40: yara da safiyar Asabar bayan hazo ya ɗan washe, manya da yamma.

Maganar mata ita ce ta fi bukatar natsuwa, kuma bai kamata a yi wa damuwar iyaye kallon jahilci ba. Uban da ya ƙi 'yarsa ta fita da gajeren wando gaban maza yana da hujjarsa. To amma cikin wasannin ƙungiya, kaɗan ne suka dace da tarbiyyarmu kamar wannan. Kayan kurket dogon wando ne, da riga mai dogon hannu ga wadda ta so, kuma babu cakuɗuwar jiki. Abtaha Maqsood tana buga wa Sikotlan da hijabinta. Matan Pakistan sun ɗauki zinare a wasannin Asiya a 2010 da 2014, na Bangaladash suka ci kofin Asiya a 2018. Abin da ake bukata shi ne a fara a cikin harabar makarantun 'yan mata, da malama mai horarwa, a ranar da aka keɓe musu, iyaye mata kuma su zo su gani da idonsu. Ribar ba ta tsaya ga 'yan wasan ba. Wadda ta buga tana aji uku na sakandare, ko aure ya ɗauke ta daga fili, ita ce gobe malamar firamare da za ta iya koyarwa, ita ce uwar da ba za ta hana ɗanta ba. Kwalejin Katsina ta maza ce zalla, don haka kurket ɗin wancan zamani bai taɓa shiga cikin gida ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa jihar da ke fama da matsalar tsaro da yaran da ba sa zuwa makaranta tana da abin yi da ya fi wasa. Haka ne, kuma don haka ne ma bai dace a jira kasafin gwamnati ba. Ƙungiyar gari ba ta bukatar filin wasa na miliyoyi. Tana bukatar shugaban makarantar da zai ba da fili, da 'yan kasuwa biyu ko uku da za su ɗauki nauyin ƙwallaye, da albarkar fada, wadda ita ce ta raya folo. Akwai ma manyan da za a fara da su, domin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri da ke Daura suna tara matasa daga sassan ƙasar nan. Hukumar kurket ta Najeriya tana shirya gasar 'yan ƙasa da 17 ta maza da mata, wadda ake farawa daga shiyyoyi, kuma wasan zai koma gasar Olamfik a Los Anjalas a 2028, karon farko tun 1900. Sharaɗi ɗaya ya kamata a rubuta a kundin ƙungiyar tun ranar kafa ta: duk babban ɗan wasan da ke son a sa shi a wasan yamma, sai ya ba da awa biyu da safe yana jefa wa yara ƙwallo, kuma kuɗin da ya shigo a raba shi uku kafin a taɓa ko kwabo.