Guga Mai Ɗaukar Mutane

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin niƙa a Mahuta yana kallon bel na kewaya wili biyu, ya riga ya san rabin sirrin motar igiya. Igiyar ƙarfe ce ɗaya mai kauri, an haɗe bakinta biyu, tana zagaya ƙaton wili a gindin dutse da wani a ƙololuwa. Akwatunan da fasinjoji ke zama ciki ba su da inji balle direba. Reto kawai suke yi a jikin igiyar kamar guga, injin da ke tasha yana jan kowa. Nauyin masu saukowa ma yana rage wa injin wahalar ɗaga masu hawa.

A tsaunukan Turai masu wasan sulu kan ƙanƙara ne suka fi hawanta. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da motar. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka kafa ta a tsaunin Obudu na Jihar Kuros Riba, mai tsayin sama da mita 1,500. Tsawon tafiyarta kusan kilomita 4 ne, alhali hanyar mota kilomita 11 ce mai kwana 22. Alhazanmu da ke leƙa Ɗa'ifa sun san irinta a tsaunin Hada.

A tasha akwatin yakan saki igiyar, ya riƙa jan ciki a hankali har tsohuwa ta shiga ba gaggawa. Da ƙofa ta rufe sai ya cafke igiyar, ƙasa ta suɓuce. Kan kowane turken da ke tallafe da igiyar za ka ji ɗan gir-gir a saman kanka, gabanka ya faɗi. Tayoyin turken ne igiyar ke bi. Kunne yakan toshe saboda iska ta fara sauƙi, sai ka haɗiyi miyau ya buɗe. Kafin a isa, sanyi ya ratsa riga.

Abin da ke ci mini rai shi ne ta Obudu ta sha tsayawa na tsawon lokaci. Wannan na'ura kulawa ce abincinta. Kullum sai an gwada birki kafin fasinja na farko, a riƙa shafa wa tayoyi giris, a bi igiyar da na'urar maganaɗisu don gano silin da ya tsinke can ciki inda ido ba ya kaiwa. Dole kuma a ajiye injin ko-ta-kwana mai shan dizal, don ko wuta ta ɗauke a iya jawo mutanen da ke reto a tsakiyar kwazazzabo zuwa tasha.