Bushin Foliyuretan: Ƙarko ga Mota, Jijjiga ga Direba

Ma'aikacin da ke tasowa daga Mararaba zuwa Sakatariyar Tarayya kullum ya san ƙarar da ƙafar mota ke yi idan bushin roba ya tsage. Don gudun zarya wurin makanikan Apo, wasu kan sanya na foliyuretan da kansu a gida ranar Asabar.

Ya fi roba ƙarko, kuma mai ba ya saurin cinye shi. Sai dai taurinsa yana kai jijjigar kowane rami har gadon bayan direba, kuma in ba a shafa masa giris ɗin silikon ba, kuka zai riƙa yi. Babban aikin shi ne ciro tsohon da tsatsa ta kama. Kada a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.