Ciwon Wuya: Na'urar Jijjiga ko Atisayen Gyaɗa Kai?

Kan babban mutum yana kai kilo 5, kuma ƙananan ƙasusuwa 7 ne ke ɗauke da shi. Muddin yana zaune daidai a bisa kafaɗu, ba ka ma san da nauyinsa ba. Amma dubi telan da ya duƙufa kan keken ɗinki tun hantsi har la'asar, ko yarinyar da ta sunkuya kan waya. A lissafin da wani likitan ƙashin baya na Amurka, Kenneth Hansraj, ya fitar a 2014, idan sunkuyon ya kai digiri 60, abin da wuya ke riƙe da shi yakan kai kilo 27. Ya fi jarkar ruwa mai lita 25, kuma babu gammo.

Tsokokin wuya hawa biyu ne. Akwai na waje da kake iya damƙa da hannu, akwai kuma na can ciki, manne da ƙashi a bayan maƙogwaro, waɗanda aikinsu tallafe ƙasusuwan. Binciken Farfesa Gwendolen Jull da abokan aikinta a Jami'ar Queensland ta Ostareliya ya nuna cewa a wurin masu daɗaɗɗen ciwon wuya, na cikin sukan yi sanyi, sai na waje su karɓi aikin da ba nasu ba. Daga nan gajiya, daga nan sandarewa, wani har ciwon kai ya riƙa taso masa daga ƙeya.

Atisayen farfaɗo da tsokokin cikin ba ya son ƙarfi ko kaɗan, shi ya sa mutane ke raina shi. Kwanta rigingine, ka lanƙwashe gwiwoyi, ka sa tawul a ninke ƙarƙashin kai. Sai ka ɗan gyaɗa kai a hankali kamar mai cewa "to", haɓa ta matso kusa da maƙogwaro, ƙeya ba ta ɗaga ba. Riƙe na daƙiƙa 10 kana numfashi, ka saki, ka maimaita sau 10. Ɗora yatsu a gefen wuyanka: idan ka ji tsokar wurin ta yi tauri kamar igiya, ka wuce gona da iri, rage. A asibiti likitan fisiyo yakan sa wata 'yar jaka mai iska ƙarƙashin wuya, allurar ma'auninta a kan 20, ya koya maka ɗaga ta biyu-biyu har zuwa 30. Aikin makonni ne, galibi shida zuwa sama, kuma wanda ya bari a kwana uku bai ba shi dama ba.

Ita kuwa na'urar tausa mai jijjiga da ta cika kasuwa, tana da nata amfanin. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana yadda saƙon taɓawa ke iya danne saƙon zafi a laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa, dalilin da ya sa kake murza wurin da ka buge ke nan. Jijjigar tana sassauta tsoka, zafin ya lafa na ɗan lokaci. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi mata a kan ciwon wuya kaɗan ne kuma ƙanana, kuma ba ta koya wa tsokar ciki aikinta. A ganina wurinta kafin atisaye ne, don a samu sararin yin sa. Ka tsaya kan naman saman kafaɗa. Kada ka ɗora ta a gaban wuya ko gefensa, nan manyan jijiyoyin jini ke bi zuwa ƙwaƙwalwa, haka ma kan ƙashi. Kuma don Allah a daina barin wanzami ko aboki ya fizgi wuya don ya yi ƙara.

Akwai ciwon wuyan da ba na atisaye ba ne sam. Idan ya biyo bayan hatsari ko faɗuwa, ko hannu ya fara mutuwa, abu na suɓuce maka, ko tafiya ta soma tangaɗi, asibiti kai tsaye. Idan kuwa wuya ya sandare tare da zazzaɓi, amai da matsanancin ciwon kai, musamman a lokacin zafi, a yi zargin sanƙarau, a kai mutum a ranar, ko da dare ne.