Ɗan tabki a tsakar gida

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Abalak ya san Tabalak. Wajen kilometir 50 ne daga Tawa. Kafin mota ta gama tsayawa, ƙamshin soyayyen kifi ya tarye ka. Baƙo yakan yi mamaki. Ƙasa ce ta dutsi da rairayi, ruwan sama bai cika wuce milimetir 400 a shekara ba, amma ga kifi jibge cikin tire. Tabkin ne ke ba da shi, don yakan riƙe ruwa har cikin rani. A shekarar 2005 an sa shi, tare da tabkin Ɗan Dutsi, cikin jerin wuraren ruwa da ƙasashen duniya suka yarda a kiyaye, jerin da ake kira Ramsar.

To, ana iya kawo guntun tabki gida? Ana iyawa. A manyan birane mutane na aje kifi cikin akwatin gilashi don sha'awa, kamar yadda mu muke aje tantabara. Mu nan ba sai da gilashi ba. Babbar kwatarniya ta isa, ko bahon roba, ko rabin tano. Rabin tano na cin litir 100, wato bido huɗu na litir 25. Sai dai a tabbata tanon bai taɓa ɗaukar man mota ko maganin ƙwari ba. In ko kwami ne na siminti aka gina, a cika shi, a zubar, a sake, har sati biyu, don sabon siminti na kashe kifi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan: mai kiwon kifi ruwa yake kiwo. Kifi ba ya fita waje ya yi bayan gida. A ruwan da yake sha, nan yake kashi, nan yake numfashi. Yana shaƙar iskar da ke narke cikin ruwa ta jan naman nan da ke ƙarƙashin kumatunsa. Tabalak faɗi gare shi, iska na kaɗa shi dare da rana, dauɗar kifi ba ta cika shi. Rabin tano kuwa ba shi da wanga rabo. Kashi da sauran abinci na ruɓewa a ƙasa, su zama guba mai suna amoniya. Ba a ganin ta da ido. Ruwa na iya zama garau, kifi na mutuwa ciki.

Nan ne ciyawar ruwa ke da aiki. A shekarar 1850 wani masani ɗan Ingila, Robert Warington, ya sa ƙananan kifaye da ciyawa cikin mazubin gilashi, ya nuna cewa kowane na raya ɗan'uwansa. Da rana ganye na sakin iska mai kyau. Dauɗar kifi kuma taki ce gare shi. Akwai ma wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu zama jikin tsakuwa da saiwa, su ke rage ƙarfin gubar kafin ciyawa ta sha. Sukan ɗauki makonni kafin su yawaita. Saboda haka a zuba wankakkiyar tsakuwa, a dasa ciyawa, a fara da kifi biyu ko ukku tukuna. Kar kuma a wanke tsakuwar da sabulu in ta yi santsi. Santsin nan shi ne ma'aikatanka.

Wace ciyawa? Wadda muka sani. Bado na so a binne tushensa cikin ƴar tukunya mai laka, a rufe da tsakuwa. Faffaɗan ganyensa inuwa ce ga kifi. Kainuwa ba ta son dashe, bisa ruwa take yawo, saiwarta na tsotse dauɗa. Amma tana da haɗama. In an ƙyale ta, sai ta rufe fuskar ruwa duka, iska ta rasa hanyar shiga. A riƙa kwashe ta, kar ta wuce rabi. A sani kuma, da dare ciyawa ba ta ba da iska, ita ma sha take. Shi ya sa in za a duba lafiyar kifi, da asuba ake dubawa. In ka tarar sun taso sama suna buɗe baki, ko sun yi yawa, ko ruwan ya ɓaci.

Wajen ɗebo ciyawa daga tabki akwai hatsari, kuma ba na kifi ba ne, na mutanen gida ne. Ƙananan dodon koɗi na laƙe jikin ganye da saiwa. Wasunsu ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini. Ƙwayar na fita daga dodon koɗi ta shiga ruwa, ta huda fatar wanda ya sa hannu ko ƙafa. Don haka a duba ciyawa ganye-ganye, a cire duk dodon koɗi da ƙwansa mai kama da majina. A aje ta cikin wani bokiti dabam na ƴan kwanaki, ana dubawa, kafin a kai ta wurin kifi.

Sai zaɓen kifi. Karfasa ta fi daɗin kallo, kuma ba ta da tsada wajen ci. Uwar kan ɓoye ƙwanta da ɗiyanta cikin baki har su yi wayo. Yaron da ya ga wannan sau ɗaya ba ya mantawa. Tana cin ganye mai taushi, sai a yi haƙuri da ita. A litir 100, in babu injin hura iska, huɗu ko biyar masu tsawon yatsa sun isa, kuma in sun girma a rage. Tarwaɗa ta fi kowa jimiri, don tana iya shaƙar iskar waje. Amma tana haɗiye duk wanda ya shiga bakinta, tana kuma tsallakewa da dare. Giwan ruwa kam a bar ta can Tabalak.

Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin gida. Ɗan dusar hatsi, ko gara, ko garin ƙuli-ƙuli, abin da za su cinye cikin minti biyar, sau ɗaya ko biyu a yini. Ɗiyan sauro kuwa su da kansu za su kama. Ruwan da ke da ƙananan kifaye bai cika zama gidan sauro ba, amma ranar da kifin ya ƙare, a zubar da ruwan.

Zafin Adar ma abin lura ne. Karfasa ta fi son ruwa mai digiri 25 zuwa 30. A watan Afirilu da Mayu zafin Tawa na wuce 40, kuma ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take. A aje mazubin ƙarƙashin rumfa ko inuwar bedi, inda hantsi kaɗai ke taɓa shi. Nan kwatarniya ta fi ƙarfe, don ƙasa na sanyaya ruwa. Da ɗari kuma kifi kan rage ci, sai a rage ba shi.

Kowane sati a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, daga ƙasa inda dauɗa ta kwanta, a zuba sabo. Ciko kawai bai isa ba: rana ruwa take sha, ta bar gishiri da dauɗa. In ruwan pampo ne, yana da maganin jabel, a bar shi buɗe kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba. Wanda aka kwashe kar a watsar, a kai ma tumatir ko zogala, taki ne.

A rufe bakin mazubin da raga mai ƙarfi, a ɗaure ta da kyau. Tana hana mussa da tsuntsu. Abin da ya fi, tana hana yaro mai rarrafe leƙawa, don ruwa kamu ɗaya ya isa ya halaka jariri.