YADDA NA YI WA DUTSEN ZOBEN KAKATA SABON GIDA BA DA WUTAR MAƘERA BA

Kakata ta wajen uwa, Bagobira ce 'yar Sabon Birni, ta rasu ta bar mini zobe ɗaya na azurfa mai jan dutsen aƙiƙ. Azurfar kuwa irin ta tsofaffin sulallan nan ce masu hoton Sarauniya Mariya Tereza, waɗanda aka rubuta wa 1780, da maƙeran farfaru kan narkar su yi wa mata awarwaro da zobba. Shi kuma aƙiƙ irin wannan, da yawansa daga Kambat ta ƙasar Indiya fatake suka riƙa kawo shi.

Wata rana ina wanki sai bakin zoben ya buɗe, dutsen ya faɗo cikin kumfa. Maƙerin da danginmu suka saba da shi kuwa yana cikin waɗanda rashin tsaro ya sa suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019. Haka na ƙulle dutsen a gefen zane har aka kawo ni Isa gidan miji.

Maigidana gyaran rediyo da sola yake yi. Shi ne ya ce mini akwai hanyar da ake sa ƙarfe ya tsiro a jikin dutse da lantarki, babu zuga babu guduma. Na yi dariya, na ɗauka irin daɗin bakin angwaye ne. Ashe abin tsoho ne: wani masani mai suna Moritz Jacobi ne ya fito da shi a Rasha a 1838.

Ga yadda muka yi. Ana lanƙwasa wayar tagulla daidai yatsa, a manna dutsen a kai da gam. Sai a shafa wani baƙin fenti mai garin bakin fensir a duk inda ake son ƙarfen ya kama, domin dutse ba ya ɗaukar lantarki, fentin ne ke ɗauka. A cikin kwalba ana haɗa wani shuɗin gishiri da ake kira kofa salfet, da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, da asid kaɗan. A rataya zoben a baƙar waya, guntun tagulla a jar waya, kada su taɓa juna. Da an kunna, tagullar sai ta riƙa narkewa cikin ruwan a hankali tana komawa jikin fentin, har ta yi kaurin da za ta rungume dutsen.

Inda aikin yake shi ne haƙuri. Wutar 'yar ƙanƙanuwa ake so, kamar kashi ɗaya cikin goma na amfiya ga kowane inci murabba'i, shi ya sa sai da na'urar da ake iya rage mata ƙarfi. Ni mai gaggawa, a gwajin farko da muka yi da tsakuwar gulbi na murɗa ta sama don in gama kafin la'asar. Abin ya fito baƙi ƙirin, yana marmashewa kamar ƙanzo. Mai kyau launinsa ja-ja ne mai haske, kuma yakan kwana a ruwa.

To, da hannuna ya fara faɗawa sai kaina ya yi girma. Na karɓi ƙwayar murjani ta surukata, na ce zan mayar mata da ita abin wuya. Da safe na tarar ta zaizaye, ta yi fari fat. Asid yana cin murjani da lu'ulu'u, fairuz ma yana ɓata shi, sai an lulluɓe su tsaf da jan farce marar launi, kuma ko hakan kasada ce. Inna ta juya ta a tafin hannu ta ce, "Ke ɗiyata, mi kika yi ma murjanin aurena?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Maigida ya sayo wata, ta karɓa don kara, amma kwana uku gaisuwata kawai take amsawa.

Sai da na yi wata biyu kafin na yi ƙarfin halin taɓa dutsen Kaka. Aƙiƙ dangin ƙanƙarar dutse ne, asid ɗin nan ba ya cin sa, duk da haka daren nan ban runtsa ba. Sau biyar ina tashi da tocila. Bayan awa 14 na ciro shi, tagulla ta kama shi gam ta kowane gefe.

Wata za ta ce ina azurfar, ina zinaren? Nan ne zan ja kunnenku. Ruwan da aka saba yin wankin gwal da na azurfa da shi akwai guba mai suna sayanaid a ciki, in ta haɗu da asid hayaƙinta kisa yake yi. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne. Ki gama naki da tagulla, ki aika wa masu wankin gwal na Sakkwato ko Kano su ɗora masa azurfa, dama tagulla zalla kore take bari a yatsa. Shuɗin ruwan ma a sa safar hannu, a ɗaga shi inda yara ba za su kai ba, kada kuma a zubar kusa da rijiya.

Ranar da zoben ya dawo daga Sakkwato, Inna na fara kai wa. Ta gwada a ɗan yatsanta, ta daɗe tana kallo, sannan ta buɗe adaka ta miƙo mini wani aƙiƙ da ya faɗo daga zoben marigayi mijinta. Ta ce, "Wanga in kika ɓata shi, ki haɗa kayanki."