Santimita Huɗu: Yadda Awon Kicin Ya Ci Mana Kuɗi A Makka

Ranar da goggona ta karɓi makullin gidan da ta kama haya a Ka'akiyya, kudu da Harami, kicin ta fara leƙawa. Ta tarar da bango huɗu sanye da tayil, bakin bututun ruwa biyu, da ramin magudana a ƙasa. Ba kabad, ba kanta, ba wurin wanke-wanke. Ta juyo ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ko dai ba su gama ginin ba ne?"

Sun gama. Haka gidajen haya da yawa suke a Saudiyya: ɗan haya ne yake sa wa kansa kicin, in zai tashi kuma ya kwance abinsa ya tafi da shi. Goggo ba ta saba da wannan ba, don shekarunta duk ta yi su ne a tsohon gida a yammacin Harami, inda take girki a ƙasa, a kan 'yar kujera. Irin waɗannan unguwanni, Tandabawi da Hindawiyya da Sharar Mansur, su ne matattarar Hausawa tun zamanin da alhazai ke zuwa ta Sudan su tsallako Bahar Maliya. Rusau ɗin da aka yi ta yi a tsofaffin unguwanni, har da wanda ya buɗe wa aikin Masar hanya, ya watsa iyalai da dama zuwa gidajen bene a gefen gari. Can ne matan da suka saba da tsakar gida suka haɗu da tef ɗin awo.

Da yake ni ce "mai boko" a gidan, ina karatun digiri na biyu, aka ɗora mini awon. Na durƙusa, na ja tef daga bango zuwa bango a ƙasa, na rubuta santimita 296, na tura wa mai shagon dutse ta WhatsApp. Ya tambaye ni ko ya turo yaronsa ya auna, na ce ba sai ya zo ba, don kada a ƙara mana kuɗi. Bayan kwana goma aka hau da dutsen bene na uku, aka ɗora shi a kan kabad, sai ga giɓi wanda yatsu biyu ke shiga. Mu'allim ɗin, kamar yadda ake kiran mai sana'a a nan, bai yi dogon magana ba. Ya nuna mini siririn dutsen da aka zagaye gindin bangon da shi, wanda suke kira wazara. Kaurinsa santimita 2 ne a kowane gefe, kuma tsakaninsu na auna. A inda kantar za ta zauna, tsawon ya kai 300. Saƙona yana nan a wayarsa, lambar da na ba shi ya yanka, saboda haka asarar tamu ce.

Dutse in ya yi tsawo ana rage shi, in ya gaza babu mai ƙara shi. Shi ya sa masu sana'ar ba sa awo a ƙasa. A daidai tsayin kanta suke aunawa, kimanin santimita 90 daga daɓe, kuma sau biyu: a jikin bango, sannan a baki, wato santimita 60 daga bangon, wanda shi ne faɗin da aka saba. Lambobin biyu ba lallai su zo ɗaya ba, don bangon da ido ke gani a miƙe sau da yawa ba haka yake ba. Akwai tsohuwar dabara ta gane kusurwa: a auna 60 a bango ɗaya daga kusurwar, 80 a ɗayan, sai a ja tef tsakanin alamomin biyu. In ya ba da 100 cif, kusurwar ta daidaita. In ya kauce, to kada a yarda a yanka komai sai an zo an ɗauki samfurin wurin da kwali ko falle-fallen katako. Kuma sai an gama kafa kabad ɗin ƙasa ake ɗaukar awon ƙarshe na dutse. Mu gaggawa ta sa muka yi su tare.

Wata matsalar tamu ce mu 'yan Najeriya. Kafintocin Kano da Katsina da inci da ƙafa suke magana, a nan kuwa komai da santimita ne, kuma tef ɗin yana ɗauke da duka biyun, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wanda ya karanta layin da ba shi ba ya tura lamba tsirara, ya sayi rigima.

Sai maganar kuɗi. Da mita ake sayar da kicin, amma mitar wani shago ba ita ce ta wani ba. Wani yana haɗa kabad ɗin sama da na ƙasa a farashi ɗaya, wani yana raba su, wani kuma bai sa dutsen a ciki ba. In kicin ɗin mai kwana ne, bango ɗaya mita 3 ɗayan mita 2.4, wanda ya bi bango zai ƙirga 5.4, alhali dutsen da zai hau 4.8 ne, domin an lissafa kusurwar sau biyu. A tambaya tun kafin a ba da kafin alƙalami. A kuma tambaya ko harajin VAT na kashi 15 cikin 100, wanda ake karɓa tun Yulin 2020, yana cikin farashin da aka faɗa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne gardamar goggo da mu'allim a kan tsayi. Santimita 90 an tsara shi ne don mai yanka albasa a tsaye. Ba a tsara shi don mai tuƙa tuwon mutum goma ba. Ɗora babbar tukunya a kan murhun da ke wannan tsayi, bakinta ya kusa kai ƙirjin mace matsakaiciya, muciya kuwa da ƙarfin kafaɗa da nauyin jiki ake juya ta. Goggo ta kafe sai an bar mata fili babu kabad, inda za ta ajiye murhun gas na ƙasa da turminta. Mu'allim yana ganin ɓarnar wuri ce, ni ma a lokacin na goyi bayansa. Yanzu wannan filin ne wurin da aka fi aiki a kicin ɗin.

Nau'in dutsen ma girkinmu ne ya kamata ya zaɓa. Mabul na asali yana da kyau a ido, amma lemon tsami da tsamiya suna cinye ƙyallinsa, manja kuma yana shiga cikinsa ya zauna. Na roba, wanda shaguna ke kira rukham sina'i, ba ya shan mai, sai dai tukunya mai zafi tana iya barin masa tabo. Giranit ya fi jure duka biyun, kuma ana haƙo shi a cikin ƙasar, irin na Najran sananne ne. Amma ko shi ba a daka a kansa, musamman kusa da ramin wurin wanke-wanke inda ya fi siranta.

Akwai tambayar da ta fi awo muhimmanci a Makka: shekara nawa za a yi a gidan? A unguwanni irin su Aziziyya akwai gidajen da ake ba da haya da sharaɗin a fita kafin aikin Hajji, don a saukar da alhazai. Ɗalibin da ya yanka dutse daidai bangon irin wannan gida, da wuya ya dace da bangon gida na gaba. Gara ya nemi kabad na alminiyom gunduwa-gunduwa da ake iya kwancewa, ko na hannu a manhajar Haraj. Kuma duk abin da za a fasa ko a huda a bango, a samu yardar mai gida a rubuce, a duba abin da yarjejeniyar da aka yi wa rajista a Ejar ta ce.

Giɓinmu dai da guntun giranit aka cike shi, aka bi da silikon, muka biya kuɗin yanka da na zuwan mu'allim karo na biyu, wanda ya fi abin da na so in rage tun farko. Layin haɗin yana nan, launinsa ya ɗan fi duhu. Goggo ta ɗora kwalbar daddawa a kansa, kuma duk baƙuwar da ta ɗaga kwalbar sai ta ji labarin 'yar jami'ar da ta auna ƙasa.