Yawon Jakar Goyo da Zaman Wata Biyu a Birnin Salvador: Ribar Ɗalibin Harshe

Gabatarwa

Akwai wata irin tafiya da matasa ke yi a Kudancin Amurka wadda mutum ba ya ɗaukar komai sai jakar goyo guda. A Birazil ana kiran jakar mochila, mai yawo da ita kuwa mochileiro. Yawancinsu kwana biyu ko uku suke yi a gari su ƙara gaba. Manufar wannan maƙala ita ce in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa ga mai nazarin harshe, ribar tafiyar tana wajen tsayawa a gari ɗaya. Zan kafa hujja da Salvador, babban birnin jihar Bahia, inda na yi wata biyu.

Yadda Zaman Yake

Matafiyin jakar goyo yana sauka ne a masaukin haɗaka, wanda bai da maraba da ɗakin kwanan ɗalibai: gadaje masu hawa biyu, akwatin ajiya mai kwaɗo, da kicin guda na kowa da kowa. Wanda zai daɗe yakan nemi ragi, ko ya riƙa taya aikin karɓar baƙi a yafe masa kuɗin gado. Abincin rana kuwa akwai gidajen da ake zuba wa kai, a auna a sikeli, a biya gwargwadon nauyi. Mai ƙyamar naman alade sai ya riƙe kalmar porco, don kuwa ana saka shi a shahararren faten wakensu mai suna feijoada. Ɗan Nijeriya yana bukatar biza. Lokacin bikin Kanibal, wato Fabrairu ko Maris, kuɗin masauki kan yi tashin gwauron zabo.

An kafa birnin a 1549, shi ne kuma hedikwatar Birazil har zuwa 1763. Kashi biyu ne, na kan tudu da na bakin teku, akwai kuma na'urar hawa mai suna Lacerda da ke haɗa su tun 1873. Ni a tsohuwar unguwar Pelourinho na sauka. Ma'anar sunan ita ce turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala.

Abin da Kunne Ke Tsinta

Harshen Fotugis ake yi a Birazil. A makon farko abin da na ji bai wuce hayaniya ba. Sai da na riƙa sayen burodi wurin mutum ɗaya kullum, ina jin jimla ɗaya sau talatin, sannan kunnena ya fara rarrabe sautuka.

Abu na farko shi ne wasulan hanci, waɗanda babu su a Hausa. Kalmar mão hannu ce, amma idan aka cire hancin ta koma mau, wato mugu. Na biyu shi ne harafin r a farkon kalma, wanda suke furtawa kusa da h ɗinmu. Kuɗinsu da ake rubutawa real, a baki kamar "heyau" yake fita. Na uku kuwa sauƙi ne ga Bahaushe, wato jinsi. Kamar yadda muke da yaro da yarinya, suna da menino da menina, kuma galibin kalmomin tamata da wasalin a suke ƙarewa kamar namu. Har godiya ma tana bin jinsi: namiji ya ce obrigado, mace ta ce obrigada.

Sawun Hausawa

Wannan shi ne abin da mai gaggawa ba zai gani ba. A bakin titi mata masu fararen tufafi suna toya ƙosai da manja, sunansa acarajé, wanda duk mai zama cikin Yarabawa zai gane akara a ciki. Suna kuma sayar da abará, ɗan'uwan alala. Sawun Yarabanci a fili yake. Namu sai an tona.

Na fara cin karo da shi a takardar jerin abinci: arroz de hauçá, ma'ana shinkafar Hausa, wadda ake dafawa ta yi laushi a haɗa da busasshen nama. Dalilin sunan yana cikin tarihi. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa sun jefa mutane da dama hannun masu cinikin bayi, aka gangara da su bakin teku, aka haye da su Bahia. A 1807 hukuma ta gano shirin tawaye na Hausawa a Salvador. A 1814 suka sake tashi, kuma takardun hukuma sun kira jagoransu malomi, kalmar da masana ke dangantawa da "malam". Tawaye mafi girma shi ne na Malê a Janairun 1835, cikin watan azumi. Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa a cikinsa, Hausawa kaɗan ne. Layu da takardun Larabci da aka ƙwace a lokacin suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na jihar, kuma masanin tarihi João José Reis ya yi littafi sukutum a kan tawayen.

Harshen ma an rubuta shi a can. A 1851 ƙaramin jakadan Faransa, Francis de Castelnau, ya buga bayanan da ya samu daga bakin Hausawan Bahia game da ƙasarsu. Bayan soke bauta a 1888, likita Nina Rodrigues ya iske sauran tsofaffi, ya rubuta kalmomin Hausa daga bakinsu. Yau harshen ya mutu a Bahia. Da aka daina kawo sababbin bayi, 'ya'ya suka tashi da Fotugis, tsofaffi kuma suka ƙare, sai sunan shinkafa ya rage.

Kammalawa

Darasi biyu nake so mu ɗauka. Na farko, harshe ba ya shiga kunne sai da maimaici, maimaici kuma sai da zama. Na biyu, abin da muke karantawa a aji game da aron kalmomi da mutuwar harshe ya faru ga Hausa kanta a hayin teku, kuma takardun suna nan suna jiran mai iya Hausa da Larabci da Fotugis. Wanda bai da kuɗin jirgi ma bai rasa mafari ba: ya ɗauki littafi da biro ya zauna a Zangon da ke kusa da shi, ya saurari yadda Hausar yaran da aka haifa a nan take sauyawa. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.